Wayar Kanyawa da Ƙofofin da Ban Buɗe Ba

Kun tashi kun tarar ana cewa kawunku Haladu ya taɓa ƙaryata surukinsa a gaban jama'a, aka bincika, aka same shi da laifi. Na san ba wanda ya zaunar da ku ya faɗa muku haka. Irin maganar nan ce da yaro ke tsinta guntu-guntu a bakin murhu da gindin rijiya, har ta haɗu ta zama abin da ya sani. Ni ban taɓa faɗa muku ba, ban kuma taɓa gyara muku ba, na biyun kuwa ya fi muni. Yanzu likita ya hana ni gishiri, gwiwa ta hana ni gona, ido kuma yana shirin hana ni karatu, na duba na ga faɗin gaskiya kaɗai ya rage ba a hana ni ba. Saboda haka wannan babin na kawunku ne. Shekarun koyarwa zan tsallake su, ba komai a cikinsu sai alli da tari.

Bayan na ajiye aiki, ƙungiyar manoman yankinmu ta ɗauke ni sakatare. Ba don na iya noma ba ne, duk wanda ya ga layin shukata ya san hannun malamin makaranta ne. Sun ɗauke ni don na koyar da kimiyya, na kuma taɓa zuwa wani kwas na kwamfuta a Kano na dawo da takardar shaida mai ado a gefe. A wurin mutanenmu wannan ya isa a miƙa maka duk wani abu mai wayar wuta a jiki, tun daga injin markaɗe har lasifikar masallaci. Ofishinmu yana Gezawa, ɗaki uku da farfajiya da bishiyar darbejiya. Muna da sito uku a ƙauyuka inda ake ajiye iri da taki, kowanne da mai kula da shi. Mafi nisa shi ne na Kanyawa, yana hannun Haladu, ƙanen Ummanku.

Shugaban ƙungiyar Alhaji Namadi ne, Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki ne, ban taɓa ganin ya ci ƙwayar gero ɗaya ta wani ba, amma Allah bai halicce shi don sauraro ba. Idan ya fara magana sai ya kai ƙarshenta, idan ya kai ƙarshenta kuma zama ya tashi. A kan wannan hali sai shekaru suka ɗora masa nauyin kunne. Kowa ya sani, ba kuma wanda ya taɓa furtawa, shi ma bai taɓa cewa bai ji ba. In ka yi masa magana sai ya kalli bakinka, ya gyaɗa kai, ya ce madalla. Na taɓa gaya masa akuyata ta mutu, ya ce madalla. Haladu kuwa yana auren ’yarsa Rabi, kun dai san kawunku da kunya. Tun daga bakin farfajiya yake cire takalmi in Alhaji yana ciki, ba ya kama sunansa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya kuma maimaita masa magana sau biyu.

Kanyawa a cikin kwari take, wayar hannu ba ta kamawa sai mutum ya hau tudun da tankin ruwa yake, ya tsaya ya ɗaga hannu kamar mai neman tambaya a aji. Saƙo daga ofis zuwa sito a kan babur yake tafiya. A shekarar da nake ba ku labari, wasu masu tallafa wa manoma suka ba mu kayan waya irin ta ofis, wadda ake ajiyewa a tebur. Aka kafa dogon ƙarfe da faranti a kowane sito, aka sa faifan sola, aka ce daga yau Alhaji zai danna lamba uku kawai ya yi magana da mai sito kamar suna ɗaki ɗaya. Injiniyan da aka turo, Nura, tsohon ɗalibina ne. Na tuna shi sarai, yana zama a layin baya, rubutunsa kamar tafiyar kaza a kan taɓo. Ya kafa komai, ya gwada wayoyin a cikin ofis suna aiki, sai aka kira shi wani aikin a wata jiha kafin a kai su ƙauyuka. Ya bar mini takarda ɗaya da abin da ya rage.

Dole in yi muku ɗan darasi a nan, ku yi haƙuri, ba mai tsawo ba ne. Akwatin da ke haɗa ofis da waje, wanda ake kira rauta, ku ɗauke shi kamar gida mai katanga da ƙofofi dubbai, kowace da lambarta, duk a rufe. Masu aikin suna ce wa ƙofofin nan fot. Na cikin gida yana fita yadda ya ga dama, amma na waje ba ya shiga sai ta ƙofar da aka buɗe masa. Kiran waya kuma kashi biyu yake tafiya. Akwai ƙwanƙwasawa, wato abin da ke sa waya ta yi ƙara a ɗauka, tana da ƙofarta guda, lamba dubu biyar da sittin. Akwai kuma muryar kanta, wadda ba ta da ƙofa ɗaya tsayayyiya, kowane kira sai ya zaɓi tasa daga cikin wani dogon jeri. Takardar Nura layi biyu ce. Na farko ya ce in buɗe ƙofar ƙwanƙwasawa. Na biyu ya ce in buɗe daga lamba dubu goma har zuwa dubu ashirin.

Na karanta layi na biyu sau uku. Ni da na yi shekaru ina kula da ɗakin kwanan ɗalibai, na san abin da ƙofa ɗaya a buɗe ke jawowa, ballantana dubu goma. A kwas ɗin nan na Kano ma abin da aka fi nanata mana ke nan, cewa ɓarayin intanet ta buɗaɗɗiyar ƙofa suke shiga. Sai na yanke hukunci irin na malami a kan ɗalibi: yaron nan bai canza ba, har yanzu garaje yake yi. Na buɗe ta farko, na bar sauran a rufe, na ninke takardar na sa a aljihun tebur. Da ya kira ni bayan kwana biyu, ga yadda muka yi:

“Malam, an buɗe duka layi biyun?”

“An yi abin da ya kamata.”

“To in an kai wayoyin ƙauye, a sa mutum a kowane ɓangare a yi hira sosai, a tabbata kowa yana jin kowa. Ko in zo ranar Asabar in duba?”

“Nura, wa ya koya maka yadda wuta ke bin waya?”

Ya yi dariya, ya ce ni ne. Na ce to ya yi zamansa.

Ranar da aka buɗe wayar ni ina Kanyawa. Rabin ƙauyen ya cika ƙofar sito, har da mata a bayan zana. Wayar ta yi ƙara, Haladu ya ɗauka, da ya ji muryar surukinsa sai ya durƙusa a ƙasa riƙe da ita, igiyar ta miƙe har ta kusa jawo akwatin daga tebur. Na danna madannin da ke fito da murya fili. Alhaji ya yi sallama, muka amsa, ya zarce da addu'a, muna ta cewa amin. Muryarsa tar, kamar yana tsaye a kanmu. Ya yi jawabi a kan ci gaba, ya ce madalla, ya ajiye. Waɗanda ke tare da shi a Gezawa suka ce sun ga yana gyaɗa kai yana murmushi. Na koma gida a kan babur ina jin kaina kamar wanda ya haƙa rijiya ya sami ruwa a gaba ɗaya. Abin da ban sani ba shi ne muryar Alhaji tana fita ta isa Kanyawa, don na ciki ba a hana shi fita, amma ta mutanen Kanyawa tana zuwa bakin katanga ta tarar da ƙofa a rufe. Ko amin ɗaya bai shiga kunnensa ba. Shi ya ɗauka kunnensa ne, ba kuma zai faɗa ba.

A wani wuri da an gano wannan a yini ɗaya. A wurinmu sai da ya yi mako shida. Wayar tana kan teburin Alhaji, ba mai taɓa ta sai shi, ni kaina ina da makullin ɗakin amma ban taɓa ganin ya dace in ɗauki wayar shugaba ba. Masu sito kuma ba sa kiran babba, babba ke kiransu, in suna da magana sai su zo da ƙafarsu su durƙusa. Idan ya kira ya ba da umarni, suka yi magana ya bi ta kanta ya wuce, ba abin da ya ba su mamaki, haka yake yi ko ido da ido. Shi kuma in ya ji shiru, ya san yaran zamani ba duka suka lalace ba, har yanzu akwai masu ladabi.

Sai damina ta zo. An kawo mana irin gyaɗa ɓararre a makare, aka sauke mafi yawansa a Kanyawa. Haladu yana da wata al'ada da ya koya wurin mahaifinsa: duk irin da ya shigo hannunsa sai ya ɗebi ƙwaya ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye a inuwa kwana biyar ya ga abin da zai tsiro. Da ya buɗe tsumman, ’yan kaɗan ne suka fasa, sauran sun yi laushi sun fara wari. Da alama buhunan sun sha zafi a hanya ko a inda aka ajiye su. A ranar ne kuma aka yi ruwan shuka, mai ƙarfi, tun hantsi har azahar. Da la'asar Alhaji ya kira Kanyawa. Ina ɗakin da ke kusa, na kuma ji ɓangarensa duka, don mai nauyin kunne ba ya magana a hankali.

“Salamu alaikum. Mai sito, an ga ruwa ko? To alhamdu lillahi. Gobe da safe a raba irin nan, kowa a ba shi nasa, kada rana ta take ka bar buhu ɗaya a ciki. Ƙasa ba ta jiran kowa. Ka ji ko? Madalla.”

A ɗaya ɓangaren, kamar yadda na sani daga baya, Haladu yana durƙushe yana cewa, Baba, irin nan na gwada shi, bai tsiro ba. Ya faɗa a tsakiyar maganar, ya ga ba a tsaya ba. Ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya sake faɗa. Amsar da ya samu ita ce ƙasa ba ta jiran kowa, sannan aka ajiye waya. A fahimtarsa an ji shi, an kuma ba shi amsa. Kafin rana ta fito manoma sun cika ƙofar sito da buhunansu. Ya raba. Abin da kawai ya iya yi shi ne ya riƙa ce wa kowa a hankali ya zuba ƙwaya da yawa a rami.

Bayan kwana goma gonakin gyaɗar Kanyawa suna nan jajaye, tsiro ɗaya nan, ɗaya can, kamar haƙoran tsoho. Wanda ke da hali ya nemo wani irin ya sake shuka a makare, wanda ba shi da hali ya watsa wake ya bar wa Allah. Ku da kuka tashi a kan albashi ba za ku gane ba, amma a ƙasarmu da gona ke manne da gona, mutum ba shi da wani fili a gefe da zai rama da shi. Gyaɗar nan ita ce man miya, ita ce kayan makaranta, ita ce harawar da za a ba dabbobi da rani.

Aka kira taro ranar Alhamis a ƙarƙashin darbejiyar ofis. Wani manomi mai suna Tanko, wanda bakinsa ya fi fartanyarsa kaifi, shi ya fara.

“Ni tambaya ɗaya gare ni. Malam Haladu, da ka ce mini in zuba da yawa a rami, wahayi aka yi maka, ko ka san abin da ke cikin buhun?”

“Na sani,” in ji Haladu, kansa a ƙasa. “Na gwada.”

“Ka sani ka ba mu. To Allah ya saka da alheri. Da ka faɗa mana da mun soya mun ci, ko ba komai an ƙoshi sau ɗaya.”

Liman ya tsawatar, sannan ya tambayi Haladu dalilin da ya sa bai gaya wa shugaba ba.

“Na gaya wa Baba a waya.”

Sai da Liman ya matsa kusa ya maimaita wa Alhaji da ƙarfi. Ban taɓa ganin fuskar dattijon nan ta canza haka ba.

“Ni? Yaron nan bai ce mini uffan ba. Na yi magana, ya yi shiru, na ajiye.”

“Baba, wallahi na faɗa. Sau biyu na faɗa.”

Suruki ya rantse a kan maganar surukinsa, a gaban mutum fiye da hamsin. Liman, wanda ya fi mu duka hankali, ya ce kafin a ce wani ya yi ƙarya, a duba ko na'urar ce ke da matsala. Duk aka juyo aka kalle ni. Ni kuwa na gyara zaman tabarau, na ce da murya irin ta gaban allo, waya lafiyarta lau, ni na haɗa ta da hannuna. A lokacin ban yi ƙarya ba, abin da na yi imani da shi na faɗa. Aka tsayar ranar Asabar Liman zai zauna a kujerar Alhaji, a kira Kanyawa, a ji.

Da jama'a suka watse bayan la'asar, na buɗe ɗakin Alhaji, na ɗauki wayar a karon farko. Na kira sito na biyu. Aka ɗauka. Na yi sallama, ban ji komai ba. Na ce in kana jina ka ajiye ka kira ni. Nan take ta yi ƙara, na ɗauka, shiru. Ban buƙaci wani ya yi mini bayani ba. Na jawo aljihun tebur, takardar Nura tana nan a ninke yadda na bar ta.

A nan ne nake so ku tsaya ku karanta a hankali, don duk abin da ya gabata kuskure ne, kuskure kuwa kowa yana yi. Abin da ya biyo baya ba kuskure ba ne. Na zauna a gaban kwamfuta, na shiga cikin rauta, na rubuta dubu goma a akwati ɗaya, dubu ashirin a ɗayan, na danna. Bai kai lokacin da ake ɗauka a yi alwala ba. Na sake kira, sai ga muryar mai sito yana ta sallama, har da kukan akuya a bayansa. Na ce masa gwaji nake yi, na ajiye. Na gaya wa kaina cewa gyara abin da ya lalace aikina ne, ba wanda zai zarge ni da gyara. Na ce gobe Juma'a zan sami Liman in yi masa bayani. Juma'a ta zo, na gan shi a masallaci, muka gaisa, na tambaye shi jikin iyali. Ina ta tuna yadda na gyara tabarau a gaban mutane, da yadda Tanko zai ba da labarin a kasuwa, da kuma cewa yaron layin baya ya fi ni gaskiya. Abin da na auna da sunan kawunku ke nan, na kuma ga nawa ya fi nauyi.

A gida Ummanku tana tankaɗe ta tambaye ni, ba ta ko ɗago kai ba.

“Malam, wayar nan taka, ka tabbata da ita?”

“Gobe ai za a gwada.”

“Ba gobe na tambaye ka ba. Haladu tun yana yaro ko ƙuli ya ɗauka sai ya kawo kansa. Ban san shi da rantsuwa ba.”

“To ni kika sani da ƙarya?”

Ta ci gaba da tankaɗe. Wannan tambayar da na yi mata ina jin ta fi komai ci mini rai, don na san amsar da za ta bayar, na kuma yi amfani da ita.

Ranar Asabar Liman ya zauna, aka kira Kanyawa. Ya ce wa Haladu ya yi magana a hankali yadda ya yi ranar. Haladu ya yi. Liman ya saurara, ya rufe ido, sannan ya ajiye wayar ya ce har numfashinsa yana ji. Bai kalli kowa ba. Alhaji ya ce shi ba zai kai ƙarar mijin ’yarsa ko'ina ba, a karɓi makullin sito kawai. A wannan makon Ummanku ta sa mayafi ta tafi Kanyawa da kanta, ta ce wa ƙanenta ya je ya ba dattijo haƙuri, kada ya ƙara wa kansa zunubi. Ya je, ya durƙusa, ya ce ya yi kuskure. Alhaji ya ce ya yafe, ya kuma yafe ɗin, amma bai sake taka gidansu ba. Kafin kaka Haladu ya bar wa ƙanensa gonar, ya kwashe iyali ya koma wajen Ungogo, inda gonaki ke zama filotai, ya fara tuƙa adaidaita. Mutumin da ya san iri da hannu da hanci ya koma rigimar canji da fasinja.

Ni kuwa na ci gaba da zama sakatare shekara tara. Wayar ta yi aiki lafiya, har baƙi ake kawowa su gani, a nuna ni a ce ga malamin da ya haɗa. Kuna tuna yadda nake tashi in bar tsakar gida duk sallar da kawunku ya zo gaisuwa, kuna cewa Baba ba ya son hayaniya. Ba hayaniya ba ce. Gaisuwarsa ce ba na iya ɗauka, don bai taɓa rage mini girma ko kaɗan ba. Kowace shekara ina cewa bana zan faɗa, kowace shekara kuma maganar tana ƙara tsufa, tana ƙara wuyar ɗagawa. Sai Alhaji ya rasu. Mun dawo daga sadakar uku, na zauna a bakin gado na gaya wa Ummanku komai. Na zaci za ta yi faɗa, na ma fi son ta yi. Kwana biyu tana kawo mini abinci tana ajiyewa ba magana. A na uku da safe ta ɗauko babbar rigata ta ɗora a kan kujera.

“Motar Kano tana tashi kafin takwas,” in ji ta. “Ni na je na sa shi ya durƙusa. Nawa ni zan san yadda zan yi da shi. Kai je ka yi naka.”

Na same shi a ƙofar gidan hayarsu yana wanke adaidaita. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya kawo ruwa. Na yi masa bayanin duka, har da ƙofofin da lambobinsu, don malami ko a wurin tuba sai ya yi darasi. Ya saurara har na gama, yana murza tsumman wankin a hannu. Na jira ya ce dama ya sani, ko ya tashi ya bar ni. Bai yi ko ɗaya ba.

“Yaya Malam, kenan na faɗa?”

“Ka faɗa.”

“Da bakina? An ji a waje?”

“Da bakinka. Ni na tare ta a hanya.”

Ya ajiye tsumman a gefe.

“Ka san da Liman ya ce har numfashina yana ji, sai na fara tunani. Na ce Baba ba ya ƙarya, kai ba ka ƙarya, na'ura kuma ba ta san kowa ba. To saura wa? Na ce wataƙila a zuciyata na faɗa, tsoro ya hana ta fitowa, na zaci ta fito. Na je wurin wani malami a nan na tambaye shi kaffarar rantsuwar. Ya ce irin wannan ba ta da kaffara, sai tuba. To tun ranar nake tuba.”

Na ce ya yafe mini. Ya ce wannan mai sauƙi ne, ya yafe, amma akwai abin da yake so.

“Ka shiga ka faɗa wa Rabi. Ni in na faɗa, mijinta ne ke wanke kansa. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Amma in na ce wallahi a cikin gidan nan, sai in ga ta sunkuyar da kai.”

Ya yi mini iso. Tana zaune a ƙofar ɗaki tana gyaran zogale, idonta bai gama washewa daga kukan rasuwar ba. Na tsaya daga nesa, na sake faɗa tun daga farko, wannan karon ba lambobi. Ban zauna ba, ba ta kuma ce in zauna ba. Da na gama ta kalli mijinta, kallo mai tsawo, sannan ta juyo gare ni.

“Malam, da ka zo makon jiya, da na je na faɗa masa a kunne, da ƙarfi, har sai ya ji. Yanzu wa zan je in faɗa wa?”

Ta ja faifan zogalen ta ci gaba da tsinka, Haladu ya raka ni bakin titi, ya ce ba zan hau motar haya ba yana da abin hawa. Shi ya kai ni tasha, ina zaune a baya, ya ƙi karɓar komai.

Daga baya na je na gaya wa Liman, na kuma tashi a taron ƙungiya na faɗa, na ajiye makulli. Rabin waɗanda ke wurin ba su san zancen ba, yara ne lokacin. Tanko ya riga ya rasu. Waɗanda suka tuna suka ce Allah ya kyauta, aka wuce zuwa maganar taki. An nemi Haladu ya dawo ya karɓi sito, ya ce ya gode, hannunsa ya manta. Tambayar Rabi kuwa har yau tana nan inda ta ajiye ta. Ba zan iya kai wa Alhaji ba, iyakar abin da zan iya shi ne kada ku kai wa ’ya’yanku abin da kuka tsinta a bakin murhu. Kawunku ya faɗa, sau biyu ya faɗa, yana durƙushe.